Rafali da Bahago

A unguwarmu ba mai kiran babana da sunansa. Rafali ake ce masa, yara da manya. Ko Umma, idan ya ɓata mata rai, cewa take yi, "To Rafali, a gidan nan dai ba ka da katin da za ka ɗaga wa kowa."

Ba alƙalancin wasa ne yake ciyar da mu ba. Ma'aikacin gidan ruwa ne, cikin masu bin bututu suna neman inda ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Yana da wani dogon ƙarfe mai kan katako. Sai ya kafa tsininsa a kan kwalta, ya kara kunnensa a jikin katakon, ya rufe ido. In ya ce a haƙa nan, to ana haƙawa za a tarar da ruwa. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai har tafiyar tururuwa yana ji. Tun safe har la'asar a ƙafa yake, daga wannan titi zuwa wancan, shi ya sa ya kai shekara talatin da takwas ba ko alamar tumbi, kuma yana bin samari da gudu minti casa'in bai yi haki ba.

Da ƙuruciya ya taɓa buga ƙwallo, ɗan baya ne, amma shi da bakinsa yake cewa ƙafarsa ta katako ce. Da ya ga ba zai kai ko'ina ba, kuma ba zai iya rabuwa da fili ba, sai ya je ya koyi alƙalanci. Shekara goma sha huɗu ya yi yana busa usur, har ya kai ga busa wasannin rukuni na biyu.

Asabar ce ranarsa. Tun ranar Juma'a da yamma zai fito da baƙaƙen kayansa ya goge da kansa, ba ya yarda Umma ta taɓa, wai tana karya masa kwala. Katin gargaɗi a aljihun ƙirji, jan kati a aljihun baya, agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. Idan ya dawo, ni da wana, Yaya, mukan zauna gabansa ya ba mu labarin zagin da ya sha, yana zaɓo mana masu ban dariya.

"Yau wani ya ce in cire tabarau. Na juya na nuna masa ba na sa tabarau. Sai ya ce to in je in saya."

Umma ta ce, "Mutum da mutuncinsa, da iyalinsa, ya ɗauki ƙafa ya je a yi ta zagin iyayensa. Me kake samu a ciki ne, don Allah?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Duk mutanen da suka cika filin nan labarin wasa suke ji. Ni kaɗai nake cikinsa."

A shekarun nan ne wani yaro ya taso a kulob ɗin garinmu, ɗan gaba, ana ce masa Bahago saboda ƙafar hagun da Allah Ya ba shi. Shekararsa ashirin da biyu. Babansa ya rasu, uwarsa tana sayar da kayan miya a bakin kasuwa. Baba yakan ce bai kamata alƙali ya so ɗan wasa ba, kuma a fili bai taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Amma a gida, in an gama cin abinci, sai ya jera kofuna a kan tabarma ya ce waɗannan 'yan baya ne, murfin kwalba kuma shi ne Bahago, ya yi ta nuna mana yadda yake ba mutum baya, ya yi kamar zai bi dama, sai kawai a gan shi ta hagu ya wuce.

"Auta," ya ce da ni wata rana, don ni ce ƙarama, "wallahi akwai lokacin da nake mantawa usur yana bakina. Sai in tsaya ina kallo kamar na sayi tikiti."

Ina da shekara goma sha uku abin ya faru. Wasan ƙarshe ne na kakar, kuma in kulob ɗin garinmu ya ci zai haura babban rukuni. An yi ta raɗe-raɗin cewa wasu masu neman 'yan wasa sun zo daga waje musamman don su ga Bahago. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti biyu a tashi, aka bugo masa ƙwallo ta sama. Ya tare ta, ya juya, ya zura ta a raga. Fili ya ɗauka da ihu. Amma Baba ya riga ya busa, ya ce ta taɓa hannu. Bahago ya rugo ya bangaje shi da ƙirji, Baba ya zaro jan kati. Aka tashi kunnen doki, kulob bai haura ba.

A lungun da ake bi zuwa ɗakin canza kaya Bahago ya tsaya jiransa da ƙafar wata karyayyiyar kujerar ƙarfe. Ta baya ya buge shi, a gefen kai na hagu. Baba ya faɗi, kansa ya sake haɗuwa da matakalar siminti.

Mu ba mu san abin da ake ciki ba. Umma tana kwashe shanya, sai ga abokinsa da suke aiki tare a fili, mai riƙe tuta a gefen layi, wanda muke kira Kawu Mai Tuta. Ya shigo har tsakar gida ba sallama, da gajeren wandonsa na wasa, gaban rigarsa duk jini. Umma ta dube shi, ta saki kwandon.

Kwana biyar Baba bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya dubi Kawu Mai Tuta, abin da ya fara cewa shi ne, "Na rubuta rahoton wasan?" Kawu ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ya fita waje.

Ƙashin kai ya warke. Kunnen hagu kuwa ya mutu har abada, ya kuma bar masa jiri, wanda in ya juya da sauri sai ƙasa ta karkace masa. A wurin aiki suka karɓi dogon ƙarfensa suka ba wani, shi kuma aka mayar da shi ɗakin injinan tura ruwa, ya zauna a kujera yana kallon allurar ma'auni daga safe zuwa yamma. Kotu ta yanke wa Bahago shekara shida. Hukumar ƙwallo ta ce ya bar wasa ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Ranar yanke hukunci uwarsa ta durƙusa gaban Umma a barandar kotu, Umma ta zagaye ta ta wuce.

Bayan shekara guda, wata safiya na hango Baba ta taga ya sa takalman gudu. Ya fita titi, ya ɗan miƙe jiki, ya fara sassarfa. Bai yi taku ashirin ba ya tafi gefe guda kamar an ja shi da igiya, ya faɗa kwata. Mai kanti da maƙwabcinmu tela suna zaune, suka juya kai suna kallon wani wuri don kada ya ji kunya. Ya tashi da kansa, ya karkaɗe jiki, ya dawo gida a hankali yana dafa bango. Bai san na gani ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Daga ranar takalman suka shiga ƙarƙashin gado.

Asabar ta zama ranar da kowa yake taka-tsantsan a gidanmu. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, amma da an yi la'asar sai ka ga yana duba agogo. Ya zauna, ya tashi, ya gyara abin da bai lalace ba. Da farko ko talabijin ba ya kallo in ana ƙwallo. Daga baya ya fara kallo, amma sai ya kashe sautin, kuma na lura ba ƙwallon yake bi da ido ba, alƙalin yake bi. Wani lokaci ka ji ya ce a hankali, "Matsa hagu. Daga nan ba za ka gani ba."

Akwai kuma abin da ya fi ciwon kunnen cin ransa. Rabin garin sun tsaya a kan cewa ƙwallon ba ta taɓa hannu ba, ƙirji ta sauka. Ba su ce dukan daidai ne ba, amma sukan ce, "Ai shi ma Rafali ya zalunci yaron nan." Yaya ya yi dambe a kan wannan magana ya fi sau uku. Hoton wasan da aka samu ɗaya ne tak, wani ne ya ɗauka da waya daga can saman 'yan kallo, hannunsa na rawa. Baba ya sa na sauke masa shi. Ya kalla ya fi sau ɗari, yana tsayarwa, yana mayarwa baya.

"Auta, ke idonki sabo ne. Me kika gani?"

"Baba, ni ban ga komai ba sai ƙeyar mutane."

"A lokacin na tabbata," ya ce. "Yanzu kuwa in na rufe ido, wata rana in ga hannu, wata rana in ga ƙirji."

Shekara biyar Bahago ya yi cikin shidan aka sake shi. Muka ji yana aiki a wurin buga bulo a bayan gari. Ba a jima ba wani ƙaramin kulob na rukuni na uku ya rubuta wa hukuma yana roƙon a ɗage masa takunkumi. Nan fa gari ya ɗauki zafi. A rediyo maganar ke nan, a motar haya ita ce, a shagon aski ita ce. Lokacin ina makarantar koyon jinya, kullum a hanya sai na ji ana musu a kan babana ba tare da an san 'yarsa tana zaune a kujerar baya ba. Wani direba ya ce, "Ya yi laifi, an ɗaure shi, ya gama. In makaniki ya fito daga kurkuku ana hana shi riƙe sifana ne?" Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Makaniki ba a tafa masa. Wannan fa yara za su sa rigarsa, su yi askinsa. Ya je ya nemi abincinsa, amma ba a gaban jama'a ba."

Sai ga takarda daga hukuma, wai kwamiti zai zauna, kuma suna so su ji ta bakin Baba.

Umma ce ta fara magana, tana zuba masa shayi ba ta dube shi ba. "Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka je ka juya musu kunnenka su gani."

Yaya, wanda a lokacin ya zama mai gyaran wuta har ya yi aure, ya ce, "Baba, in ka ce ka yafe, ni ban yafe ba. Kai ka san abin da muka gani."

Kawu Mai Tuta ma ya zo. Shi har lokacin yana cikin harkar, yana koyar da sababbin alƙalai. Ya ce, "Rafali, ba maganarka kai kaɗai ba ce. Yaran da nake koyarwa su goma sha biyu ne, biyu mata. In mutumin nan ya dawo, kowane ɗan wasa ya san kan alƙali shekara biyar ne, a fito a ci gaba da wasa. Da wane ido zan dube su in ce su shiga fili?"

Baba ya saurari kowa da kunnensa ɗaya, ya ce, "Na ji."

Ana saura kwana huɗu zaman kwamiti, na biya wurin aikinsa da rana in kai masa maganin jiri da ya manta. Ɗakin injinan dogo ne, da manyan injina uku masu koren fenti, ƙararsu ba ta tsayawa. Kujerar Baba tana kusa da taga. Ina tsaye yana haɗiyar maganin, sai wani mutum ya yi sallama a ƙofa. Ban gane shi ba. Ya yi kauri, wuyansa ya cika, hannuwansa fari fat da siminti. Baba ne ya gane shi, ta tafiyarsa.

Bahago ya matso ya durƙusa a gefen kujerar, kansa a ƙasa, ya fara magana. Ya daɗe yana yi. Ni da nake tsaye ina tsintar kaɗan-kaɗan cikin ƙarar injin: cewa ba ranar da ba ya tunawa, cewa uwarsa ta rasu yana ciki bai ga gawarta ba, cewa ba don kwamiti ya zo ba. Baba yana zaune yana kallon allurar ma'auni. Da mutumin ya yi shiru yana jiran amsa, sai Baba ya juyo ya ce, "Zagayo ta nan. Wannan kunnen ba ya aiki."

Na ga yadda maganar ta shige shi. Ya tashi ya zagaya ta dama, ya sake durƙusawa. Ya buɗe baki zai maimaita, abin ya gagara. Sai hawaye.

Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka ji tsoron Allah. Ƙwallon nan, ta taɓa hannunka?"

Bahago ya ɗago kai da mamaki, kamar bai zaci wannan ce tambayar ba.

"Ta taɓa, Baba. Ta so ta wuce ni, na tare ta da dantse. Na ɗauka ba ka gani ba."

Baba ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na matso na dafa shi don na ɗauka jirin ne. Ya ɗaga mini hannu alamar lafiya.

"Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ba wanda ya tambaye ni. A kotu maganar ƙarfen kawai aka yi."

"Shekara biyar," Baba ya ce, ba da shi yake ba, ba da ni ba. Can kuma ya dubi ƙafar hagun mutumin, cikin wani tsohon silifa, ya ce, "Tana nan?"

"Ban sani ba, Baba. A ciki muna bugawa a kan siminti, amma ba ɗaya ba ne."

"Tashi ka koma aikinka kada a neme ka."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da muka fito da yamma ya ce kada in gaya wa Umma tukuna.

Ni na raka shi zaman kwamitin, don hawa bene yana tayar masa da jiri. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai ƙara, mutum biyar a zaune, da ruwan roba a gaban kowa. Bahago yana can ƙarshe da lauyan kulob. Kawu Mai Tuta ya riga ya yi magana a madadin alƙalai, ya faɗi abin da ya faɗa a gidanmu, har ya fi. Da aka zo kan Baba aka ce ya yi zamansa, ya ce a'a, a tsaye ya saba yanke hukunci. Ya dafa tebur.

"Ranku ya daɗe, abin da yake nawa na yafe. Kunnen nawa ne, kuma ba zai dawo ba ko ya buga ko bai buga ba. Amma abin da abokina ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ba nawa ba ne balle in yafe. Sannan akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗauki maganata da nauyi. Ni ina so in sake ganin yaron nan da ƙwallo a ƙafarsa. Ba don tausayinsa ba, don kaina. A shekara goma sha huɗu ban ga kamarsa ba. Alƙalin da yake da abin da yake so a wasa kuwa bai kamata a ba shi usur ba. Don haka kada ku ce Rafali ya ce a mayar da shi, kada kuma ku ce Rafali ya hana."

Shugaban kwamitin ya ce, "To me kake so mu yi, Malam?"

"Abu ɗaya. In za ku mayar da shi, ya fara tsayawa gaban alƙalan da za su busa masa, ba gabana ba, ya faɗa musu abin da ya faɗa mini. Su ne za su juya masa baya a lungu."

Bayan mako biyu hukunci ya fito. Bahago zai ƙara jiran shekara guda, zai bayyana gaban ƙungiyar alƙalai, ba zai wuce rukuni na uku ba sai an sake zama, kuma ranar da ya ɗaga wa wani hannu a fili, shi ke nan. Ya je gaban alƙalan, ya kuma faɗa a rediyo da bakinsa cewa ƙwallon ta taɓa hannunsa. Tela maƙwabcinmu, wanda shekara biyar yana cikin masu cewa ƙirji ne, ya zo har gida ya zauna ya yi ta zancen tsadar zare, ya tashi ya tafi bai iya faɗin abin da ya kawo shi ba.

A gida kuwa ba a ji daɗi ba. Umma ta yi mako guda ba ta yi masa magana sai ta bakina: "Ki ce wa babanku abinci ya sauka." Yaya ya ce tsayawa a tsakiya ma ai zaɓi ne, kuma kowa ya san wanda ya amfana. Kawu Mai Tuta ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Uku daga cikin ɗalibansa sun rubuta cewa kada a taɓa sa su a wasan da Bahago yake ciki, ɗaya daga cikin matan kuma ta bar alƙalancin gaba ɗaya. Da Baba ya ji wannan bai ci abincin rana ba.

Da shekarar ta cika, wata Asabar Baba ya ce, "Auta, kina da aiki yau?" Na gane wasan Bahago yake so mu je gani. Rabonsa da filin ƙwallo shekara shida da wani abu.

Ƙaramin fili ne a bayan wata masana'anta, rumfar 'yan kallo gefe ɗaya kawai. Na samo mana wuri a can ƙarshe inda hayaniya ba ta da yawa. Ya sa hula ya ja ta har gira, amma duk da haka wasu sun gane shi, suna taɓa juna. Ba a sa Bahago ba sai bayan hutun rabin lokaci. Yana shigowa wasu suka tashi da tafi, wasu suka fara ihu, "Ɗan kurkuku! A ɓoye kujeru!" Bai ɗaga kai ba.

Ya yi nauyi. Yaran da ke tsaronsa sun fi shi gudu, sau biyu ana ƙwace ƙwallo a ƙafarsa kamar a hannun ƙaramin yaro. Da wani ya kwashe shi ya faɗi, fili ya yi tsit ana jiran a ga abin da zai yi. Ya tashi ya karkaɗe wando ya koma wurinsa. Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa.

Sai can wajen minti na saba'in aka miƙo masa ƙwallo a bakin da'ira, ya ba mai tsaronsa baya. Kafaɗarsa ta yi dama. Yaron ya bi ta. Kafin ya ankara Bahago ya juya ta hagu, fili ya buɗe a gabansa. Na ji hannun Baba ya damƙe nawa da ƙarfi, ya ɗan taso daga kan benci. Bahago ya buga, ƙwallon ta wuce ta gefen turke ta faɗa cikin ciyayi.

Ihun da aka yi ya tayar wa Baba da jiri. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, gumi na zuba. Na ce mu tafi, ya ce in bari ya ƙara minti biyar. Bai iya ba. Na riƙe shi muka fita ta bayan rumfa, ana ci gaba da wasa.

Da muka isa gida Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi fuskarsa, ta tura masa kujera da ƙafa.

"Ya ci?"

"Bai ci ba."

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "To ka ga abin da kake ta son gani?"

Ya ce, "Na ga kaɗan."

Kaka ɗaya da rabi Bahago ya buga, ya ci ƙwallo huɗu, ba a taɓa ba shi ko katin gargaɗi ba. Daga nan gwiwa ta hana shi. Yanzu babbar mota yake tuƙawa, ya yi aure a wani gari. Baba bai sake zuwa kallonsa ba. Kawu Mai Tuta ya dawo gidanmu ranar da aka kwantar da Umma a asibiti, suka zauna shi da Baba a benci ɗaya suka yi hirar komai ban da wannan. Har yau in maganar ta taso kowa yana kan bakansa, sai dai sun daina ɗaga murya. Yaya ma haka.

Baba ya yi ritaya bara. Duk lokacin da aka ji wani ɗan wasa a wata ƙasa ya fito daga kurkuku ana musun ko a mayar da shi, sai mutane su taru a ƙofar gidanmu suna so su ji abin da Rafali zai ce. Yakan tambaye su me mutumin ya yi, wa ya yi wa, kuma an je an tambayi wanda aka yi wa ɗin? In suka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, sai ya ce shi nasa ɗaya ya sani, kuma ko shi ɗin bai tabbata ya yi daidai ba. Yarinyar nan da ta ajiye usur tana yawan faɗo masa a rai. Ya sa an nemo masa inda take, ashe tana koyarwa a wata makaranta. Ya rubuta mata takarda, ba ta ba da amsa ba.

Yanzu ni nake kai shi ganin likita duk wata, a 'yar motata. Akwai hanya mai sauƙi, amma ta bayan babban filin wasa yake so mu bi. Katanga ce doguwa, ba abin da ake hangowa sai kan fitilu. In aka yi sa'a ranar sun yanke ciyawa, ƙamshinta yakan tsallako har titi. Sai ya sauke gilashi ya juya fuskarsa waje. Bai taɓa cewa in tsaya ba. Ni dai nakan rage gudu, masu mota na bayana su yi ta danna mini oda, har mu wuce ƙarshen katangar.